Rabin tan a falo: Nauyin ruwan da ake hawa da shi gidajen sama a Yamai

Wajen ƙarfe uku na dare, a tsakiyar zafin watan Afrilu, matata ta tashe ni ta ce in saurara. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, gari ya yi tsit, sai wani ɗigo da ake ji daga ɗakin yara. Da na haska da fitilar waya sai na ga saman ɗakin ya yi baƙi da danshi, ruwa yana tsiyaya ta ramin ƙwan fitila yana sauka a ƙarshen katifar da 'ya'yanmu biyu ke kwance a kai. Damina ba ta zo ba, ko hadari babu. Mu a ƙasa muke, akwai wani gida a samanmu.

Maƙwabcinmu na sama, matashi ne ma'aikaci, ya tafi Dosso ta'aziyya, ya bar makulli wurin mai gadi. Da muka buɗe ƙofa sai muka taka ruwa. Akwatin kifinsa na gilashi, wanda duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya ɗauki hoto a gabansa, ya buɗe ta kusurwa ɗaya inda aka liƙa gilashi da gilashi. Kifaye na ta mutsu-mutsu a kan tayil. Wayar lantarkin da ya jona famfon iska da fitilar akwatin tana kwance tsamo-tsamo cikin ruwan da muke tsaye a ciki babu takalmi. Rashin wutar da muka kwana muna tsinewa shi ne ya yi mana rana.

Mai gidan yana ƙasar waje, ƙanensa ke karɓar haya. Bayan kwanaki ana kai ruwa rana ya yarda ya kawo injiniyan gini ya duba. Abin da ya ba ni mamaki, injiniyan bai daɗe a wurin akwatin kifin ba. Ya nemi a kai shi saman rufi. A can ya tarar da tankunan ruwa biyu, kowanne lita 2,000, an jera su a tsakiyar rufin, daidai saman falo, inda babu ginshiƙi ko bango a ƙarƙashinsu. Ya daɗe tsugune yana bin wata siririyar tsaga da yatsa.

Tun daga ranar nake ɗaga kai idan ina tafiya cikin gari.

Birni na hawa sama, ruwa na bin sa

Ƙidayar 2012 ta ba Yamai mutum miliyan ɗaya da 'yan dubbai, kuma duk wanda ya san inda gari ya tsaya a wancan lokacin ya san an wuce nan nesa ba kusa ba. Shirin karɓar taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019 ya kawo manyan otel-otel irin su Radisson Blu da Noom. Amma canjin da ya fi shafar mai haya yana cikin unguwanni. A Kwara Kano da Bobiyel da Yantala da Lazare da Banifandu, fili ya yi tsada, don haka mai gida mai ɗaki huɗu sai ya zuba bene ya ɗora wasu huɗun ya ba da haya. Ambaliyar 2020, wadda ta karya madatsar bakin kogi ta shiga unguwannin Harobanda irin su Lamorde da Karaje, da ta 2024 da ta rusa dubban gidajen ƙasa a faɗin Nijar, sun ƙara wa mutane son ginin siminti mai tsawo. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta rage farashin siminti, abin da ya ƙara wa masu gini ƙwarin gwiwa.

Hanyoyi uku ruwa ke bi ya hau waɗannan benaye. Ta farko ita ce tanki. Daga Maris zuwa Mayu famfo kan yi rauni a unguwannin bayan gari, wani lokaci sai tsakar dare yake zuwa, kuma ko ya zo ba ya iya hawa sama. Duk mai hali sai ya sayi tanki. Ta biyu ita ce kiwon kifi na sana'a. Matasa da yawa sun ga bidiyon masu kiwon tarwada a tafkin tampol ko a tankin roba, sun ga ana cin riba, kuma wanda ba shi da fili sai idonsa ya faɗa kan rufin gida ko baranda. Ta uku ita ce ado: akwatin kifi mai fitila a falo, ko a shago, ko a wurin cin abinci, irin wanda 'yan uwa suka gani a Dubai ko Kotonu ko Paris.

Dukansu abu ɗaya ne a wurin bene. Shi nauyi kawai ya sani.

Lissafin da kowa zai iya yi

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 1,000 tan guda. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin maganar.

A ɗauki akwatin kifi matsakaici, irin na maƙwabcina: tsawo santimita 120, faɗi 50, tsayi 60. Idan aka cika shi fal yana cin lita 360, amma da yake ana barin sarari a sama kuma yashi na cin wuri, a ce lita 320. Wato bido 13 ke nan na lita 25, irin waɗanda 'yan garuwa ke turawa a kura. Gilashi mai kaurin milimita 10 yana da nauyin kilo 25 a kowane murabba'in mita, don haka gilashin akwatin kaɗai ya kai kilo 65. A ƙara yashi da duwatsu kamar kilo 60, da teburin ƙarfe kamar kilo 45. An tashi da kilo 490. Saura kaɗan rabin tan, kwatankwacin buhun siminti goma, a kan wurin da bai kai girman tabarmar sallah ba.

To nawa bene ke ɗauka? Ƙa'idojin Faransa, waɗanda injiniyoyin ƙasashenmu masu magana da Faransanci suka fi yin lissafi da su, sun ware kilo 150 a kowane murabba'in mita don mutane da kayan ɗaki a gidan zama. A Amurka adadin ya kusa kilo 200. Akwatin da muka lissafa yana zaune ne a kan kashi shida cikin goma na murabba'in mita, wato yana danna wurin da fiye da kilo 800 a murabba'i. Ya ninka ƙa'idar sau biyar.

Wannan bai nufin bene zai rufta da zarar an cika akwatin. Kilo 150 ɗin ana lissafa shi ne a kan faɗin ɗakin duka. Ɗaki mai mita huɗu da huɗu an tsara shi ya ɗauki kilo 2,400 idan an baza nauyin ko'ina, kuma kankare mai kyau yana rarraba nauyi zuwa gefe. Manya bakwai da suka taru wuri ɗaya ranar suna su ma sun kai kilo 490, kuma ba a taɓa jin sun fasa bene mai lafiya ba. Bambancin shi ne baƙi suna cin abinci su watse. Akwatin kifi kuwa yana nan dare da rana, shekara da shekaru, kuma kankaren da aka ɗora wa nauyi na dindindin yana lanƙwasa a hankali, ta yadda ido ba ya gani sai abu ya yi nisa.

Akwai wata dabara mafi sauƙi ga mai tanki ko tafki: a duba zurfin ruwan kawai. Kowane santimita 10 na zurfi kilo 100 ne a murabba'in mita, komai faɗin mazubin. Zurfin santimita 15 ya cinye dukan kason da aka ware. Zurfin mita ɗaya tan guda ne a kowane murabba'i. Tafkin tampol mai mita uku da biyu, idan aka cika shi zuwa mita ɗaya, tan shida ne, daidai da buhun siminti 120. Babu mai hankalin da zai yarda a jibge masa buhun siminti 120 a saman ɗakin kwanansa, amma da yake ruwa ta tiyo yake hawa, babu wanda ya ji nauyinsa a kafaɗa, sai a manta yana da nauyi.

Abin da ke cikin benen da kake takawa

Yawancin benayen gidajen zama a Yamai ba dunƙulen kankare ba ne. Abin da magina ke kira dal, ana yin sa ne da siraran gadojin kankare masu ƙarfe a ciki, a jera su daga wannan bango zuwa wancan, a cike tsakaninsu da bulo mai rami da ake kira hurdi, sannan a zuba kankare a sama. Wanda aka fi yi shi ne bulo mai kaurin santimita 16 da zubi mai santimita 4. Bulon cike gurbi kawai yake yi. Siraran gadojin nan su ke ɗaukar kaya su miƙa wa manyan gadoji da ginshiƙai, su kuma su sauke a tushe.

Wanda ya tashi a gidan soro ya san wannan tsarin ko ba a faɗa masa ba. Haka ake jera azara a rufin ƙasa, kuma tsofaffin magina sun san iyakar tsawon da azara za ta iya ratsawa ba ta lanƙwasa ba, shi ya sa idan ɗaki ya yi faɗi suke yin bakan gizo ko su tsai da ginshiƙi a tsakiya.

Daga nan abubuwa uku suka fito. Na ɗaya, tsakiyar ɗaki shi ne wuri mafi rauni, jikin bango mai ɗaukar kaya ko saman ginshiƙi shi ne mafi ƙarfi. Na biyu, idan aka shimfiɗa dogon akwati a kan tsawon gada ɗaya, ita kaɗai za ta sha nauyin, idan kuwa aka gicciya shi ya ratsa gadoji biyu ko uku sai su raba. Na uku, teburi mai siraran ƙafafu huɗu yana tara fiye da kilo 120 a kan kowace ƙafa, a wurin da bai fi girman kwabo ba, kuma mai yiwuwa ƙafar ta faɗa daidai saman ramin bulo, inda santimita huɗu na kankare ne kawai a ƙarƙashinta.

Baranda ta fi kowane wuri yaudara. Ana lissafa ta da nauyi mafi yawa a takarda, kilo 350 a murabba'i, amma wadda ta fito waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta tana rataye ne da ƙarfen da ke saman kankarenta. Idan ranar zubi leburori suka tattake ƙarfen ya nutse ƙasa, ƙarfin ya ragu ƙwarai, kuma irin wannan baranda ba ta cika ba da sanarwa kafin ta karye ba.

Duk wannan lissafi ya dogara ne da cewa an yi ginin yadda aka zana. Kankaren bene yana son siminti kilo 350, wato buhu bakwai, a kowane kubik mita, da tsakuwa mai kyau, da yashi marar laka, a riƙa shayar da shi ruwa, kuma sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa. A zafin Yamai, kankaren da ba a shayar ba yana bushewa kafin ya nuna. Inda aka rage buhu ɗaya ko biyu, ko aka sayo siririn ƙarfe a Katako maimakon wanda injiniya ya rubuta, ko aka ɗora bene a kan tushen da aka haƙa don gidan ƙasa ɗaya, babu wanda zai iya rantsuwa cewa kilo 150 ɗin ma yana nan. Mai haya ba ya ganin komai daga cikin wannan. Fenti da tayil kawai yake gani.

Berlin da Seoul

Ranar 16 ga Disamban 2022, da asuba wajen ƙarfe shida saura kwata, AquaDom ya fashe a Berlin, babban birnin Jamus. Wani makeken akwatin kifi ne mai siffar ganga da ke tsaye a tsakiyar wani otel tun 2003, da lif da ke hawa da 'yan kallo ta tsakiyarsa. Ruwa lita miliyan ɗaya ya ɓalle ya fasa ƙofofi ya fita titi, kifaye kusan 1,500 da ke ciki kusan duka suka mutu, mutum biyu suka ji rauni. Hukumomin birnin sun ce da a ce da rana abin ya faru, da an yi asarar rayuka. Ƙwararru ne suka gina shi, an yi masa gyara ba da daɗewa ba kafin ya fashe, kuma binciken da aka yi bai iya tsai da dalili guda ɗaya ba.

Labarin da ya fi kama da rufin gidanmu shi ne na kantin Sampoong a Seoul, Koriya ta Kudu. An ƙara wa ginin hawa na biyar da babu shi a zanen farko. An ɗora manyan na'urorin sanyaya wuri guda uku a rufi, masu nauyin da ya wuce abin da aka tsara. Da maƙwabta suka koka da ƙararsu, sai aka ja su a kan rufin zuwa wani gefe maimakon a ɗaga su da ƙugiya, rufin ya tsattsage. An ga tsagar watanni kafin ranar. A safiyar 29 ga Yunin 1995 ta ƙara buɗewa, masu kantin suka rufe hawan sama amma suka bar ciniki na tafiya a ƙasa. Da yamma ginin ya rufta, mutum 502 suka mutu.

Ba sai an je nesa ba. A Legas, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya rufta ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe mutum fiye da 40. A Kano, wani bene da ake ginawa a titin Beirut ya faɗo a kan 'yan kasuwar waya a ƙarshen watan Agustan 2022. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Gilashi da wuta da zafi

A gidan da aka gina da kyau, abin da ya fi saurin faruwa shi ne irin abin da ya same mu: akwatin ya yoye ko ya buɗe. Ruwa na tura gilashin gaba na akwatin da muka lissafa da ƙarfin da ya kusa kilo 200, kuma abin da ke riƙe da shi siririn layin silikon ne. Idan aka ninka tsayin akwati, turawar ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi. Shi ya sa dogon akwati mai tsayi ya fi gajere mai faɗi haɗari. Mai yanka gilashin taga a kasuwa zai iya haɗa maka akwati mai kyan gani, amma gilashin taga mai milimita 4 ko 5 ba na wannan aikin ba ne, kuma silikon ɗin banɗaki yana ɗauke da maganin kashe fumfuna da ke kashe kifi. Teburin da ya karkace ko da kaɗan yana murɗa akwatin, ya tara ƙarfi a kusurwa ɗaya, har ranar da liƙin zai saki.

Lita 320 a ɗaki mai mita huɗu da huɗu zurfin santimita biyu ne kacal, amma ya isa ya bi ta ƙarƙashin tayil da bututun waya ya sauka wa na ƙasa. Ƙaramin yoyo da ba a kula da shi ba ya fi wannan illa. Ruwa na ratsa kankare ya kai ga ƙarfe, ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Jan tabo a saman ɗaki, ko kankare da ke ɓarewa har ƙarfe ya bayyana, alama ce cewa aikin ya daɗe da farawa. Haka abin yake ga tankin da ke ambaliya kowane dare saboda balan-balan ɗin da ke tsai da ruwa ya lalace, da rufin da ganye da leda suka toshe masa indararo har ruwan Agusta ya kwanta a kai.

Sai wuta. Famfon iska da matatar ruwa da fitila duk a lantarki mai ƙarfin 220 suke, kusa da ruwa. Soket ya kasance sama da ƙasa, a jikin bango, kuma wayar ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa. Akwai na'urar da ke katse wuta nan take idan ta fara zurara ta jikin mutum ko ruwa, mai lamba 30 mA. Gidajen haya da yawa ba su da ita. Mai gyaran wuta zai iya sa ta cikin awa ɗaya.

Rashin wutar ma matsala ce ga kifin. Mazauna Yamai ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta a wancan lokacin, ta katse layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni ana karɓa-karɓa. Ko babu takunkumi, bazara lokacin ɗauke wuta ce. Ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Idan zafi ya haura 40 a waje kuma famfon iska ya tsaya, akwati mai cunkoso zai iya zama kabari kafin gari ya waye. Ƙaramin famfo mai batir ko mai hasken rana ya fi duk wani ado da za a saya. Ruwan famfo kuma yana da sinadarin kulorin, sai an bar shi ya kwana a buɗe ko an sa maganin cire shi kafin a zuba wa kifi.

Na ƙarshe, yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro mai rarrafe ba ya buƙatar kogi. Buɗaɗɗen tanki ko tafkin tampol ya ishe shi, kuma yaron da ya taka teburi don ya taɓa kifi zai iya jawo akwatin a kansa.

Idan abu ya faru, wa zai biya?

Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ta ɗora wa mutum alhakin ɓarnar da kayan da ke hannunsa suka yi, ta kuma ɗora wa mai gini alhakin ɓarnar da rushewar gininsa ta jawo idan rashin gyara ne ko aibin gini. A aikace, yawancin hayar Yamai da baki ake yin ta ko da takarda mai shafi ɗaya, inshorar gida kuma ba kowa ya san da ita ba. Maganar takan ƙare ne a zaure, tsakanin dattawa, wani ya yafe yana jin haushi, wani ya biya yana ganin an cuce shi. Zumuncin maƙwabtaka ne ke biyan kuɗin.

'Yan uwa da ke ci-rani abin ya shafe su ta fuska biyu. Wanda ke haya a Faransa doka ta wajabta masa inshorar gida, kuma yana da kyau ya tambayi kamfanin ko ta haɗa da ɓarnar akwatin kifi kafin ya saya. A Amurka benayen gidaje da yawa na katako ne, kuma takardar haya takan hana babban akwati ko ta iyakance girmansa. A karanta kafin a sa hannu.

Fuska ta biyu ta fi nauyi. Benaye da yawa a Yamai da gumin na waje aka gina su, daga Abijan da Lome da Akara da Aljeriya da Turai. Mai kuɗin yana ganin ginin ne ta hoton WhatsApp. Yana ganin fenti, ba ya ganin ƙarfe. Idan kana aiko da kuɗin gini, ka tambayi zanen injiniya da takardar izinin gini, ka ce a tanadi wurin tanki tun a zane, a saman ginshiƙai ko a kan hasumiyarsa daban a tsakar gida, ka nemi hoton ƙarfen kafin a zuba kankare, ka kuma biya wani injiniya da ba ɗan kwangilar ne ya kawo shi ba ya riƙa leƙawa. Tun ran gini ran zane.

Kafin ka buɗe famfo

Ka lissafa nauyin: litar ruwa, da mazubi, da teburi, da yashi.

Akwatin da bai wuce lita 100 ba, a kan teburi mai ƙarfi a jikin bango, ba abin damuwa ba ne a ginin siminti mai lafiya. Daga lita 300 zuwa sama, ko a tsohon gini, ko a benen da aka ɗora daga baya, ka kira injiniyan gini. Magini da mai walda sun iya aikinsu, amma lissafin nauyi ba nasu ba ne.

Ka tambayi mai gida wajen da gadojin bene suka fuskanta, ka sa akwatin ya gicciye su, a jikin bango mai ɗaukar kaya. Ka sa faffaɗan katako ko ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafun teburi.

Ka fara cika sabon akwati a tsakar gida, ya kwana biyu ko uku, kafin ka hau da shi. Kada ka taɓa jan akwati ko tanki da ruwa a ciki.

Tafkin tarwada wurinsa ƙasa. Kada a kai shi rufi ko baranda sai in an tsara ginin don haka tun farko.

Ka sanar da mai gida da maƙwabcin ƙasa, kuma idan za ka yi tafiya ka bar makulli da wanda ya san inda ake kashe wuta da ruwa.

Idan ka ga tsaga tana ƙara buɗewa, ko tayil na fashewa a layi ɗaya, ko ƙofar ƙasa ta fara cijewa, ko ka ji ƙara daga cikin bene, ka zubar da ruwan nan take, ka fitar da mutane, sannan a yi shawara. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce.

A gidanmu, injiniyan ya sa an zubar da tankunan biyu a ranar. Mai gidan ya yi ta faɗa ta waya kan kuɗin da bai shirya kashewa ba, daga baya ya aiko, aka yi hasumiyar ƙarfe a tsakar gida aka mayar da tanki ɗaya can, ɗayan aka sauke shi ƙasa. Maƙwabcina ya dawo daga Dosso ya tarar da kifi uku da mai gadi ya tsince a bokiti. Ya biya fentin ɗakin yara, ya sayi katifa, ya zo da kansa ya ba matata haƙuri. Yanzu yana da ƙaramin akwati mai lita 60 a jikin bango, kuma yarana kan hau su ba kifin abinci. Tsagar da ke rufin kuwa an shafa mata siminti an rubuta kwanan wata a gefenta, kamar yadda injiniyan ya ce a yi, kuma duk farkon wata nakan hau in duba ko ta sake buɗewa.